Alamar da Ke Jikin Tanki

Ƙarar fashewar ta kai har caji ofis, don haka kafin waya ta shigo Insfekta ya riga ya ɗauki hularsa. Tanki ne ya fashe a garejin motocin soja, mai walda ya rasu nan take.

Garejin na wasu 'yan'uwa biyu ne. Babban, wanda kowa ke kira Maigida, shi ke zuwa gwanjo ya sayo tsofaffin motocin da sojoji suka gaji da su. Ƙanin kuwa, da ake wa laƙabi da Tartsatsi, shi ke yanka ya liƙe, ya mai da motar yaƙi ta ɗaukar yashi, tirelar mai ta koma ta ruwa. Shi ne yanzu aka lulluɓe da zane aka sa a motar asibiti.

Maigida na zaune a kan wata tsohuwar taya, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Allah Ya ba ka haƙuri," in ji Insfekta. "Me ke cikin tankin?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Na fetur ne a da. Amma mu a nan wuta ba ta taɓa tanki sai an wanke shi, an cika shi da ruwa har ya tumbatsa. In an gama, mai wankin ya zana da'ira a jiki. Mai walda in bai ga da'ira ba, ba ya kunna wuta."

"Wa ke wankin?"

"Guntu."

Sajan da ke tare da Insfekta mutum ne mai son a gama magana kafin a fara ta. Ya matso yana raɗa, "Yallaɓai, ai ƙaddara ce kawai. Mu rubuta mu tafi."

Insfekta ya nufi wurin tankin. Ya durƙusa a gindin tirelar, ya damƙi ƙasa ya murza. Busasshiya ce ƙamas, har tana tashi. Ya taka zuwa inda wata tirelar ruwa da aka gama take tsaye, can kuwa takalminsa ya nutse a taɓo.

"Sajan, tankin da aka cika da ruwa har ya tumbatsa, ina ruwan ya tafi?"

Sajan ya sosa ƙeya.

Aka kira Guntu. Dattijo ne gajere, hannayensa sun yi kanta, yana ta murza hularsa.

"Malam, kai ka wanke tankin nan?"

"Ni na wanke."

"Yaushe?"

"Jiya da rana."

"Ka san in ka ce ka wanke alhali ba ka wanke ba, ran mutumin nan yana wuyanka? Kotu za ka je, daga can gidan yari."

Guntu ya saci kallon Maigida. "Ni na wanke, ranka ya daɗe."

Dole aka wuce da shi bayan kanta. Insfekta bai ji daɗin haka ba ko kaɗan, don ya daɗe a aikin nan, ya san mai kare kansa da mai kare wani ba irin ƙaryarsu ɗaya ba.

Washegari ya sa aka fito da shi suka koma garejin. Bayan tankin ne ya yage, gabansa na nan yadda yake da koren fentinsa na soja.

"Nuna min da'irarka."

Guntu ya sunkuya ya duba kusa da taya, inda ya saba zanawa. Babu komai. Ya zagaya ɗaya gefen yana shafa ƙarfen, zufa na keto masa.

"Wataƙila wuta ce ta goge ta."

"Ɗaga kanka."

Can sama da'irar take, zanen rawaya, tas da ita. Insfekta ya ce ya taɓa ta. Guntu ya yi ɗage har hularsa ta faɗi, amma yatsansa bai kai ba.

"Wane irin alli gare ka?"

Ya zaro guntun farin alli daga aljihu. Sai kawai ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka, kuka mara daɗin ji irin na manya.

"Shekaranjiya ko garejin ban taka ba. Matata na asibiti, a can na yini. Da na zo bayan abin ya faru, aka ce min in ce na wanke, wai za a ce tsautsayi ne, magana ta mutu."

"Wa ya ce maka?"

"Ranka ya daɗe, ɗakin da nake kwana shi ya ba ni. Kar ka sa in faɗa da bakina."

Insfekta bai matsa masa ba. Ya bi layin motocin da aka jawo daga gwanjon ƙarshe, masu tayoyi kamar tsayin mutum, wasu ko inji babu. A ƙofar kowacce akwai zanen rawaya. Ya tambayi wani makaniki da ke kwance a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu.

"Wannan ai na Maigida ne," in ji makanikin, ko leƙowa bai yi ba. "In ya saya a gwanjo sai ya sa alama don kar a musanya masa. Allin nan ba ya barin aljihunsa, ko ruwa ba ya goge shi."

Ofishin Maigida wata tsohuwar tirelar sojoji ce da Tartsatsi ya fasa wa taga. Insfekta ya shiga ya zauna ba tare da an ce masa bismillah ba.

"Ara min allinka."

Maigida ya kai hannu aljihu bisa sabo, sai ya tsaya cak.

"Guntu zai je kotu gobe," in ji Insfekta a hankali. "Shekarunsa ba za su ɗauki gidan yari ba. Ka rasa ɗaya, kana so ka ƙara da wani?"

Da Maigida ya buɗe baki, muryarsa ta dushe.

"Mai sayen ya ce ko a ba shi washegari ko ya fasa. Guntu ba ya nan. Tankin nan ya yi shekaru a yashe a filin sojoji, na ƙwanƙwasa na ji wayam, na ce me ya rage a ciki? Ni da na fi kowa sanin tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, don tururin na nan a maƙale. Na zana, na tafi gida."

"Ƙaninka bai ga allin ba na Guntu ba ne?"

"Ya gani." Ya rufe fuskarsa da tafukansa. "Abin da ke cina ke nan, Insfekta. Ko Guntu ya sa alama, sai yaron nan ya hau ya buɗe murfi ya sunsuna, har faɗa suke yi a kan haka. Jiya da safe ina tsaye ya kalli da'irar, ya yi dariya ya ce, 'Yaya, yau da kanka? To ai ba sai na duba ba.' Ina ji ina gani ya ɗauki abin waldarsa. Kalma ɗaya ce, ban faɗa ba."

Sajan ya ciro ankwa. Insfekta ya girgiza masa kai, ya mayar.

Suna fitowa suka tarar da wata tsohuwa a bakin ƙofar gareji, an riƙo mata hannu. Mahaifiyarsu ce, ta zo ganin wurin da autanta ya cika. Ta dubi ɗanta tsakanin 'yan sanda biyu.

"Ina kuma za su kai ka?"

"Bayani zan bayar, Mama."

"To ka gaya musu gaskiya, su hukunta wanda ya yi min wannan. Kuma kar ka daɗe, kai kaɗai ka rage min."

Insfekta ya buɗe wa Maigida ƙofar mota, ya shiga.