Wasan da Muzammil Ya Raba Kyauta

Ranar kasuwar Tudun Wada suka fara haɗuwa. Badiyya tana zaune a rumfar ɗinkin yayarta, ta duƙufa a kan waya tana buga wani wasa na tuƙa kwale-kwale a ruwan Tiga, sai kwale-kwalen ya sake kifewa.

"Mtsw! Wanda ya ƙirƙiri wasan nan mugu ne wallahi."

"Ki yafe wa mugun, ga shi a gabanki," in ji wani dogon saurayi da ya kawo ɗinki.

Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sunansa Muzammil, ɗan Ƙofa. Wata goma sha huɗu ya yi yana haɗa wasan a wata tsohuwar kwamfuta, sannan ya sake shi kyauta. Kafin sati ya zagayo, ya raɗa mata suna Matuƙiyata, ita kuma tana ce masa Injiniyana.

Lissafinsa mai sauƙi ne: duk wanda ya buga wasan da datarsa a kunne, talla za ta fito, masu tallar su biya shi 'yan kwabbai. To, amma don Allah wa zai ƙona datarsa a kan wasa? Mutanenmu wajen mai turi suke zuwa, a zuba musu a waya kamar yadda ake zuba fim, su kashe data su more. Daga Kiru har Doguwa babu wayar da ba ta da wasan, Muzammil kuwa ko kuɗin mota wahala yake yi masa.

Shitu mai turi na bakin tasha shi ya ci moriya. Naira ɗari kowace waya, har ya yi sabon babur. Babur ɗin nan kuma, don rashin kunya, ƙofar gidan su Badiyya ya fara nufa.

Mahaifinta, Malam Sunusi, bai yi mata dole ba. Sai dai ya kira Muzammil ya tambaye shi.

"Yaro, mene ne sana'arka?"

"Baba, wasan waya nake haɗawa."

"Nawa kake sayarwa?"

"Kyauta ne, Baba."

"Wanda yake raba guminsa kyauta, da me zai ciyar da 'yata? Na ba ka zuwa kaka."

Kwana tara Muzammil bai kira ta ba. Badiyya ta rame, ta ɗauka ya janye ne ya bar wa Shitu. Ta rubuta masa:

"Injiniyana, idan ka fasa ka faɗa mini, kada ka bar ni ina sauraron ƙarar babur ɗin wani."

Amsa ta zo bayan la'asar:

"Matuƙiyata, ban fasa ba. Wani kamfani a Legas zai saye wasan gaba ɗaya. Sharaɗinsu, a cire sunana, kuma shekara uku ba zan haɗa wani ba. Na sa hannu. Ke na zaɓa."

Ta yi kuka sosai, don ta san abin da ya sayar.

Kamfanin bai ɓata lokaci ba. Suka cika wasan da tallan caca, suka toshe shi sai da data. Har a huɗubar Juma'a aka yi tir da shi, iyaye suka bi wayoyin 'ya'yansu suna gogewa. Muzammil yana sahu na uku yana ji, bai ɗaga kai ba. Shitu kuwa tsohon kwafinsa yana nan, ya ma ƙara masa kuɗi.

Da kuɗin da kamfanin ya biya Muzammil aka yi lefe, aka biya sadaki, da ragowar ya kama shagon gyaran waya a Bebeji. Bayan an ɗaura aure, kafin a tafi da amarya, ango ya shigo gaida surukai. Badiyya tana lulluɓe a gefen mahaifiyarta, zuciyarta fal da murna da kuma wani ɗaci da ba ta da wanda za ta gaya wa.

Malam Sunusi ya dafa kafaɗarsa, fuskarsa a sake.

"Yanzu ka zama mutum, ka bar wasan yara ka kama sana'a. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," in ji Muzammil, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ta ƙarƙashin mayafi Badiyya ta kalle shi. Ya yi mata murmushi, idanunsa jajur, ita ma ta ce amin.