Eriya a Kan Tsamiyar Muntaka

Rana ta faɗi a garin Turawa, shanu sun shige garke, Sadiƙa tana kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo tim a tsakar gida. Na biyu ya sauka a kan kwanon ɗaki. Mijinta Muntaka ya leƙa waje da buta a hannu. Babu kowa, sai tsamiyar bayan gida tsaye shiru.

Muntaka manomin gyaɗa ne, amma son rediyo ya ci masa rai. Ba ta jin labarai ba, irin wadda ake aika saƙo da ita har ƙasashen nesa. Ranar da zai ɗaura eriya a tsamiya, ya yi yadda kakansa ke yi kafin ya taɓa bishiyar: ya yi sallama, ya yi wa mutanen ɓoye alkawari cewa daga faɗuwar rana zuwa isha'i rediyon ba za ta motsa ba. Kullum kuwa kafin kiran sallar magariba yake datse ɗakin rediyon da kwaɗo.

Amininsa Maikuɗi yana Jajaye, can ƙasar Rogo, ga son abin, ga babu rediyo. A bayan rediyon akwai 'yar kafa inda ake cusa wayar da ke sarrafa ta. Muntaka ya haɗa kafar da tsohuwar kwamfuta, ya buɗe ta a intanet, yadda Maikuɗi zai kunna ya aika daga ɗakinsa. Ya ba shi kalmar sirri, ya gaya masa sharaɗin magariba.

"Haba, ni da kai?" in ji Maikuɗi. "Ko da wasa."

Kwana tara ana jifa. A na goma Munawwara, 'yar Muntaka tilo, ta yanke jiki ta faɗi, ta toshe kunnuwa tana ihu. Da rana lafiya lau, magariba na yi abin ya dawo. Yarinya ta rame sai idanu. Sau biyu Maikuɗi ya zo dubiya da ledar lemo, ya ji ihun da kunnensa, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya hau babur ya koma.

Aka ɗauko Malam Nuruddeen mai ruƙiyya daga Rogo Sabon Gari. Ya zauna da almuru ya soma karatu a hankali. Can wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Ya isa, Malam. Ni ne mai tsamiya."

"Me ta yi maka?"

"Ita ba komai. Ubanta ya yi alkawari. Magariba 'ya'yana ke fita, wayar nan da ya ɗaura min tana ƙona su. Na ce shi ma ya ɗanɗana."

"Wallahi ɗakin a kulle yake!" in ji Muntaka.

Muryar ta yi dariya. "Ka kulle mai ƙyaure, ka bar marar ƙyaure. Daga Jajaye hannun ke zuwa."

Malam ya ce ba a kama maganar aljani sai an gani da ido. Muntaka ya buɗe kwaɗon. Ɗaki duhu, kujera ba kowa, amma jar fitilar rediyo a kunne, tana aika saƙo. A fuskar kwamfuta ga sunan Maikuɗi ɓaro-ɓaro. Kaico! Muntaka da kansa ya taɓa gaya masa cewa da faɗuwar rana saƙo ya fi zuwa nesa.

Aljanin ya nemi jinin baƙin rago. Malam ya ce ko na kaza ba za a zubar ba. Aka ja, aka ja, daga ƙarshe aljanin ya yarda a toshe kafar, shi kuma ya fita ba dawowa. Muntaka ya fizge wayar daga bayan rediyon. Munawwara ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce, "Inna, ruwa."

Ba ta gama sha ba wayar aljihunsa ta yi ƙara.

"Muntaka, layin ya yanke," in ji Maikuɗi, "ina tsaka da aika wa wani mutumin ƙetare. Duba mana da sauri, kada ya tafi."

Muntaka ya kasa kunne, yana jira ko Maikuɗi zai ce ya jikin yarinya.

"Kana ji na kuwa? Na ce kada ya tafi!"