Ranar da Aka Sace Bangon Ƙasa

Da hantsi Malam Hayatu mai zane ya shigo caji ofis na Talata Mafara, hula a karkace, ya ce an sace masa mutum.

"Wane mutum, Baba?" in ji Sufeto Falalu.

"Bangon Ƙasa."

Sufeto ya ajiye biro. Wa ya tashi a yankin nan bai san Bangon Ƙasa ba? Jarumin littattafan zane ne mai riga kore da fari, wanda Malam Hayatu ya ƙago tun mulkin soja. A labarin, ɗan manomin shinkafa ne daga Bakura, aradu ta faɗa masa a bakin madatsar ruwa, ya tashi da ƙarfin da ba na mutane ba. Ya yi dambe da ɓarayin taki, ya kori masu sayen ƙuri'a. Sufeto kansa saboda shi ya sa kaki.

"Littafin ƙarshe ne, asalin zanen, babu kwafi," in ji tsohon. "Hannuna shina rawa yanzu, ɗana, ba ni iya sakewa. In ya ɓace, jarumina ya mutu ba a san ƙarshenai ba."

A shagon tsohon, kwaɗon ƙofa lafiya lau yake, ba a fasa ba. Sufeto ya duba tsofaffin zane-zanen da ɓarawon ya bari. Kowane shafi da Bisimilla a samansa.

"Tun makarantar allo ban taɓa fara shafi ba sai da ita," in ji Malam Hayatu.

Ɗaya makullin yana hannun 'yarsa Bushra.

"Bai taɓa barin hannuna ba, yallaɓai."

"To ke kika ɗauka ke nan."

"Ni? Zanen babana?" Ta murza gefen hijabi. "Na ara ma Mukhtar. Ya ce burushi ya manta."

Mukhtar shi ne mai sa wa shafukan launi, yana da shagon fenti a Bakura. Sufeto ya ɗauki kurtu ɗaya suka nufi can. Tsohon ya nace sai ya bi su, da suka isa aka bar shi a mota.

Suka tarar da Mukhtar yana rubutu a bayan wata a-kori-kura.

"Ina Maradun tun shekaranjiya, yallaɓai, yau na dawo. Littafin ƙarshe ko ganinai ban yi ba."

"Rantse."

"Malamai sun hana yawan rantsuwa."

Aka kira azahar. Sufeto ya ɗauki buta ya tsuguna a gindin katangar shagon. Yana shafar kai ya hango wasu siraran takardu an cusa a tsagar bango, can sama, inda mutanen kirki kan ɗaga takarda mai sunan Allah kada a taka. Ya idar da salla tukuna, sannan ya zaro su. Bisimilla ce a kowace, da hannun Malam Hayatu mai rawa, an yanke da almakashi.

Ya shimfiɗa su a kan gwangwanin fenti.

"Wanda ya sata don ya sayar ba ya yanke kayansa. Juji ka yi niyyar kai su, ka ji tsoron jefa sunan Allah cikin shara. Haka ne?"

Burushin ya suɓuce daga hannun Mukhtar.

"Ka san mi ya zana? Bangon Ƙasa ya kama ɗan bindiga cikin daji, ya iske shi shina jin ƙishirwa, ya ba shi ruwa. Ruwa, yallaɓai! Ni ko wana a gona aka harbe shi a Gidan Goga. Wa ya ba shi ruwa?"

Sufeto ya tattara guntayen takardun. Ya sha ɗaukar gawa daga irin gonakin nan.

"Ina shafukan?"

"Na kai bakin jujin, na sake karantawa. Ashe bai sake shi ba, gaban alƙali ya kai shi. Na rasa wa ke da gaskiya, ni ko shi. Na kasa jefawa."

Ya ɗaga tabarma ya fito da su, kawunansu a yanke, sauran lafiya.

"Sata dai sata ce," in ji Sufeto a hankali. "Mu tafi."

Kurtu ya buɗe wa Mukhtar bayan mota. Malam Hayatu ya karɓi shafukansa ya rungume, sannan ya sauko daga gaba, ya kama ƙarfe da hannunsa mai rawa yana ƙoƙarin hawa baya.

"Baba, wurinka na gaba," in ji Sufeto.

"Bar ni nan. Hanya da nisa, ban taɓa zama na ji labarin wan nasa ba. Matsa min, Mukhtar."

Mukhtar ya matsa, ya miƙa hannu ya jawo shi.