Zaren Da Kudus Ya Ƙi Cizawa

"Tsaya cak, kar allura ta soke ka..."

Firdaoussi ce ke maganar. Tana tsaye a gaban Kudus cikin shagon gyaran tufafi na unguwar Parkchester, maɓallin tsohuwar jaket ɗinsa a tsakanin yatsunta. Wata huɗu rabonta da shi.

"Sauri nake," ya ce, idonsa a kan ƙofa. "Yau zan koma Kumasi."

Mama Doina, tsohuwar mai shagon, mutuniyar Romaniya, ta ɗago kai daga keken ɗinki. Babu suturar da ba ta da karin magana a kanta, daga hula har safa, tana juya su da Turancinta mai gargada.

"Ba a ɗinki a jikin mutum!" ta ce. "A ƙasarmu, wai hankalinsa kake ɗinkewa, ya manta da nasa. In ba zai cire ba, a ba shi zare ya ciza."

Firdaoussi ta yanko jan zare ta miƙa masa.

Bai karɓa ba.

Wannan jaket ɗin ce mafarin komai. Da ita ya so ya je gaida Tanti Habsatou, ƙanwar mahaifin Firdaoussi da ke riƙe da ita a unguwar Highbridge. Firdaoussi ta dubi hannun jaket ɗin da tuƙin tasi ya koɗar.

"Haba masoyina, a haka? Tanti fa dama cewa take ba ta ba ɗan Zongon Kumasi 'yarta!"

Ta sauko da wata babbar rigar shadda da aka kawo gyara.

"Awa biyu kawai, mu mayar."

"'Yar ciki ta fi babbar riga kusa da fata, 'yata," in ji Mama Doina. "Bar shi ya je da nasa."

Firdaoussi ba ta ji ba. Ta kuma ba ƙawarta Najat labari, ba ta san Najat ta daɗe da sa wa Kudus ido ba. Najat ta ɗauki waya, ta kira mai rigar.

Ana tsakiyar gaisuwa sai ga mai rigar, Alhaji Sanusi, ya yi sallama. Ya ƙura wa aikin wuyan ido.

"Samari, wannan ai a Kano aka ɗinka mini ita."

Tanti ta tafa hannu.

"Yau ga ikon Allah! Zanen aro ai ba ya rufe katara!"

Kudus ya miƙe, ya tuɓe rigar a gaban manya, ya ninke ta da kyau, ya fita da 'yar shara cikin sanyin Disamba. Bai ce ga wadda ta ba shi ba.

Yanzu ga shi a gabanta, ga zare a hannunta.

"Na gaya wa Tanti gaskiya," ta ce a hankali. "Na ce ni ce."

"Yaushe?"

"Bayan sati uku..."

"Sau biyu na dube ki a ranar, Fiddo. Sau biyu! Ke kuwa kafet kike kallo."

Hawaye ya zubo mata.

"Tsoro na ji, rabin raina..."

"Kunyata kika ji. Tun a shagon nan."

"To Najat fa?"

"Ban taɓa ɗaga wayarta ba. Ba ita ta tuɓe ni ba."

Ta sake miƙa zaren, har ya taɓa leɓensa.

"Don girman Allah ka ciza. Ko ba ka yafe ba, kar ka manta ni."

Sai a lokacin ya dube ta sosai. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Na yafe tuntuni. Ɗinka a haka. In maganar tsohuwa gaskiya ce, ta yi mini gata."

Huda huɗu ce a maɓallin. Ta bi kowacce a hankali, tana jin bugun zuciyarsa a bayan yatsunta, tana fatan zaren ya tsinke. Bai tsinke ba.

Ta ƙulle. Ta yanke.

"Allah ya kai ka lafiya."

"Amin. Ki gaida Tanti."

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Ta tsaya tana kallon jaket ɗin har ta ɓace cikin masu hawa matakalar tashar jirgin ƙasa.

Da Mama Doina ta waiwayo, sai ta ga jan zaren a tsakanin haƙoran yarinyar.

"Ke ai ba a jikinki aka yi ɗinkin ba, 'yata."

"Na sani, Mama," ta ce, ba ta saki zaren ba. "Ni dai ba na so in manta."