Ranar Da Aka Kwashe Falona

Ina tsaye da ludayi a hannu ƙarti uku suka cicciɓi firjina suka yi waje da shi.

Mai shagon kaya yana bakin ƙofa yana nuna musu saura: kujeru, talabijin, har labulen da na yi sati ina zaɓe. Na juya ga mijina, malamin firamare, ina jira ya daka musu tsawa...

Kansa na ƙasa.

"Malam, ba ka ce ka biya ba?"

"Ki yafe mini, rabin raina. Ko ɗaya ban gama biya ba."

Ashe wata bakwai yana cin bashi nan yana toshe can. Ni kuwa kullum na dawo daga gidan ƙawata, matar wani ɗan kasuwa, sai na kumbura fuska har ya sayo mini irin abin da na gani. Ban taɓa tambayarsa nawa ne albashinsa ba.

Da la'asar Yaya ya zo ya sa ni a mota, sai gidanmu. Mama ta ce dama ta faɗa, mai alli ba zai iya riƙe 'yarta ba. Ƙawar tawa ma ta riƙa sintiri, wai wanta yana sona tun tuni, in karɓo takardata kawai.

Wata uku Malam yana kira, ina kife wayar.

Ran nan kiran ya tsaya.

Kwana goma na daure, sannan na zari mayafi na tafi makarantarsu. Mai gadi ya ce rabin albashin Malam banki ke cirewa, an kuma tashe shi daga gidan haya. Ya kwatanta mini wani gareji.

A can na same shi durƙushe yana wanke tayar mota, wandon koyarwarsa a naɗe zuwa gwiwa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya gan ni sai ya ɓoye hannuwansa a baya, duk sabulu ya cinye su.

"Takardar kika zo karɓa?"

Na matso kusa da shi.

"Zan rubuta miki. Shekara huɗu ke gabana ina biyan bashi, ko ɗankunne ba zan iya saya miki ba."

"Ni na jefa ka, Malam..."

"Ni na ji tsoron ce miki babu."

Na tambaye shi inda yake kwana. Ya nuna wani ɗaki a bayan garejin, katifa ɗaya da risho. Na cire takalmi na shiga.

Shekara biyu ke nan. Ina kitso a ƙofar ɗakin, kuɗin duk yana tafiya banki. Malam ya samu tarin da ya ƙi jin magani. Mama har yau ba ta ɗaukar wayata. Ranar da ya fi jin jiki, ni nake ɗaukar bokitin in fita wajen motocin.