Kunkurun Halliru

Ranar kasuwar Makarfi ce, shekara huɗu da samun mulkin kai. Ummulhairi, 'yar Malam Datti na Gubuchi, ta sauke farantin mazarƙwailarta da ta goge da toka har yana ɗaukar ido, sai ta ji mata na watsewa da salati. Wani abu ne kamar akushi a kife, mai taya uku, yake tahowa shi kaɗai. Ya ratsa masu rake, ya zo ya tunkuyi farantinta ya tsaya.

Ita kam ko gezau. Tsugunnawa ma ta yi tana leƙa shi.

"Yi haƙuri, 'yammata," in ji wani dogon saurayi yana haki. "Haske yake bi, farantinki kuwa ya fi komai haske a kasuwar nan."

"Farantin ne kawai?" ta ce, sannan kunya ta rufe ta.

Halliru ke nan, ɗan Paki, mai karatun injiniyan lantarki a Zariya. Shekara uku yana haɗa wannan na'ura da ya sa wa suna Kunkuru: ido ɗaya na gilashi, batir, da wayoyin da ke sa ta kauce in ta ci karo da abu. In malamansa suka gamsu da ita a ƙarshen shekara, za a tura shi Ingila bincike kan injin da ke tafiya da kansa.

Tun daga ranar yake rubuto mata wasiƙa da ajami, ta hannun goggonta Lantana.

"Hasken idona, yau na saki Kunkuru a ɗakin gwaji, ya miƙe sai tagar da ke duban Gubuchi. Shi da maigidansa ciwonsu ɗaya."

Ta mayar masa: "Injiniyana, ka ce masa ya yi haƙuri. Farantin na nan, kullum ina goge shi."

To, ashe Ladan, babban ɗalibin Malam, ya daɗe da sa rai a kanta. Shi ya kai magana zaure: abin ya tsallake mata fiye da ɗari ya zo gabanta, in ba asiri ba mene ne? Da manyan Halliru suka kawo goro, Malam ya mayar musu da shi ko kwance ƙunshin bai yi ba.

Wayyo Ummulhairi! Ta daina cin kirki, ta rame, farantin ya dushe a bayan ɗaki. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne duk hawayen da ta zubar, sai a ce aikin asirin ne.

Da Malam ya ga 'yarsa na ƙarewa, ya aika wa Halliru saƙo Zariya. "Mu abin da muka sani, in aka fasa abin da aka ƙulla asiri a ciki, ya warware. Ya kawo shi ya fasa a gabana. Bayan kwana arba'in zan tambaye ta."

Saura mako biyu malaman Halliru su duba aikin. Ummulhairi ta rubuta masa: "Kada ka zo, Injiniyana. Shekara uku ba wasa ba ce. Ka tafi Ingila, ni na yafe."

Amsarsa layi ɗaya ce: "Ni ban yafe ba."

Ya iso da hantsi. Tana laɓe bayan zaure ta ji yana cewa, "Allah gafarta Malam, bari in buɗe a ga cikinsa tukuna, waya ce kawai da ƙarfe."

"Fasawa aka ce," in ji Ladan, ya miƙo guduma.

Sau bakwai ta ji dukan, tana toshe bakinta da mayafi. Da aka watse ta shiga shara, ta tsinci idon gilashin nan a gindin tabarma bai fashe ba, ta ƙulle shi a gefen zanenta.

Wani aka tura Ingila. Kwana arba'in ba wasiƙa, ba saƙo, haka Malam ya gindaya. Ranar da suka cika ya kira ta.

"Ummu, abin ya sake ki?"

"Baba, abin kun fasa shi," ta ce kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga. "Ni kuwa yau na fi sonsa a kan ranar kasuwa."

Malam ya dube ta. Can ya sauke numfashi. "Astagfirullah. Na zargi bawan Allah, na sa ya rushe aikinsa a banza." Da ƙafarsa ya je Paki, abin da ba a taɓa jin malami irinsa ya yi ba.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam da kansa ya yi addu'a: Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Ya mayar wa Halliru da abin da ya fi wanda ya rasa. Jama'a suka amsa da amin.

Washegari da safe ta kawo masa koko a kan farantin nan da ya sha guga. Halliru ya dube shi ya yi murmushi, amma idonsa ya kawo ruwa.

"Babu mai bin haskensa yanzu, sai ni."

Ta kwance gefen zanenta, ta ajiye masa idon gilashin a tafin hannu.

"Sha kokonka, Injiniyana," ta ce. "In ka gama, ka nuna mini wayar da ake fara ɗaurawa."