Fom Ɗin Luka Yana Cikin Jakata

"Mama, ki daina kuka! Saratu ta riga ta cece ni!"

Luka ne ya faɗa, yana tsaye cikin tokar shagonsa a Tudun Wada, da kayan coci a jikinsa. Bencinan 'yan firamare da gwamnati ta ba shi kwangila, da sabon injin yankan katako, duk wuta ta cinye su muna can muna waƙar Lahadi. Maƙwabta sun ce wayar lantarki ce.

Ya juyo ya dube ni da jajayen idanu, wai har da murmushi.

"Saratuna, gobe sai ki sanar da kamfaninku. Ban ce miki aikin nan naki zai yi rana ba?"

Na ƙanƙame jakata a ƙirji.

Fom ɗin inshorarsa yana ciki. Sati bakwai ke nan yana ciki, ban kai ofis ba...

A farkon 1976 na zama wakiliyar wani kamfanin inshora a Sakkwato. An yi wa Babana, malamin makaranta, canji zuwa Gusau, duk gidan suka bi shi, ni na tsaya a ɗakin haya ni kaɗai saboda wannan aiki. Ba albashi, sai kamasho in na kawo ciniki. Manaja ya ce kada in damu, kuɗin fetur ya cika gari, kowa na sayen mota yana buɗe shago. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne, ba ɗan kasuwar da ke son a zo masa da zancen gobara da sassafe.

Na sha rana har takalmina ya buɗe baki. Sau biyar ina zuwa Ƙofar Kware wurin Alhaji Gidaɗo, mai motocin kai shanu Ikko.

"Ke ɗiyag ga, mi na yi maki?" in ji shi a zuwa na biyar. "Tun da sahe ki zo kina yi man hwatan mota ta hwaɗi? Tahi, Allah shi ba ki miji!"

Kafin wata uku an raɗa min suna Mai Fatan Wuta. In na doso layin shaguna sai hira ta mutu. In na koma ɗaki, ni da risho ne da rediyo. Wallahi akwai ranakun da ban da "sannu" da "a yi haƙuri" ba abin da ke shiga tsakanina da ɗan Adam.

Luka, saurayina kafinta, shi kaɗai ke jawo min benci.

"Zauna, gimbiya. Yi min bayanin nan, kamar ba ki san ni ba."

Na yi masa. Ya yi ta tambayoyi, har ya gajiyar da ni. Sannan ya goge hannu a wando, ya sa hannu a fom, ya miƙo min ambulan da kuɗin shekara.

Da murnata na fito, sai na yi kiciɓis da mahaifiyarsa, Mama Tani, wadda dama ba ta son ɗanta ya auri mai yawo shago-shago cikin maza.

"Yaron nan da tausayi," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "Ko marayar kyanwa ya gani sai ya ba ta madara."

A ofis kuma Dorcas mai buga tafireta ta leƙa fom ɗin. Tare muke a ƙungiyar mawaƙan coci, kuma kowa ya san inda idonta yake kallo in Luka ya shigo coci.

"Cinikinki na farko, saurayinki?" Ta ƙyalƙyale. "Kai shi mana wurin manaja, yau mu sha dariya. Sadaka ma ai samu ce."

Na mayar da fom ɗin jaka. Na ce a raina, bari in samo ciniki na gaske, na wanda ba ya sona, sai in haɗa su biyu in kai. Kwana nawa ne?

Ashe sati bakwai ne, da gobara a ƙarshensu.

Ranar Litinin, washegarin gobarar, na shiga ofis. Manaja ya tafi Kaduna. Dorcas ta rufe ƙofa, ta ɗauko hatimin ofis mai kwanan wata.

"Na san bai shiga rajista ba. Kawo, in juya kwanan baya. Ni da ke kawai muka sani."

Na karɓi hatimin. Ya Allah, na so in buga! Da bugu ɗaya Luka zai tashi, Mama Tani za ta kira ni 'yata.

Amma sa hannun Luka ne a takardar. In mai bincike ya zo daga Kaduna ya gano, a wannan zamani na soja, shi za a fara ɗaurewa, mutumin da bai san komai ba. In ma ba a gano ba, rayuwarmu ta koma tafin hannun Dorcas.

Na ajiye mata abinta.

"Wawiya," ta ce.

Na iske shi a tsakar gidansu yana kankare wani zarto da ya tsira. Mama Tani na gefe. Na durƙusa na ajiye fom da ambulan a gabansa.

"Luka... ban kai ba."

Mama Tani ta ɗora hannu a ka. "Na faɗa! Ta kira wuta da bakinta, ta kuma hana ruwa!"

"Mama, don Allah." Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon sa hannunsa. "Mantuwa kika yi?"

"A'a."

"To me?"

"Na ɗauka tausayina ka ji... Na ji kunya a ce kai ne cinikina na farko."

Ya yi wata dariya da gara a ce kuka ya yi.

"Saratu, na taɓa ganin shagon kawuna ya ƙone a Kafanchan. Na san abin da na saya. Kin yi min bayani, na ga gaskiya ne, na yarda da ke. Duk garin nan mutum ɗaya ya yarda da aikinki, shi ne kika raina."

"Masoyina, ka yafe min..."

"Na yafe. Katako ne, ana sake saye." Ya turo min ambulan, na ƙi taɓawa. "Amma ban san yadda zan riƙa ba ki abu ba, kina duba ko sadaka ce."

Kwana goma ban fita ba. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata, sai a rana ta goma sha ɗaya, direban Alhaji Gidaɗo ya ce ana kirana.

Na same shi a kan buzu, motocinsa uku a jere.

"Zamna, ɗiyata. Kin san wa ya yi man bodin motocin ga? Kahintan da anka yi ma gobara. Jiya ya zo sallama. Ya ce in nemo ki, wai ke ba ki ƙarya ko da za ta cece ki. Ya ce aikinki na gaskiya ne, ke ɗai ce ba ki sani ba."

"Sallama, Alhaji?"

"Awo. Jos za shi, wurin wani mai gidan katako. To, rubuta duka ukun. Amma kada ki ambaci hwaɗuwa!"

Na cike fom uku hawaye na ɗiga a kan biro. Ban tsaya ko shan ruwa ba. Kafin azahar suna kan teburin manaja, na tsaya a kansa sai da ya buga hatimi da kwanan ranar.

"Cinikinki na farko!" ya ce. "Barka, Saratu!"

"Na biyu ne, ranka ya daɗe."

Daga nan na ruga Tudun Wada da rasit a hannu, ina haki kamar ƙaramar yarinya. Mama Tani ce ta leƙo, ta ce motarsa ta tashi tun da hantsi, ta mayar da ƙofa.

Na tsaya a bakin filin da shagon yake a da. An share tokar tas.

Na ɗaga rasit ɗin sama kaɗan, kamar akwai mai gani.

"Luka, yau na kai da wuri."